Waiwaye Kan Huda Rijiyar Mai: Daga Keken Doki Zuwa Ƙasan Teku

Kamfani zai shafe watanni yana haƙa rijiyar mai, ya narkar da miliyoyin daloli, har ya kai ga dutsen da man yake kwance a ciki. Daga nan sai ya zura bututun ƙarfe tun daga baki har ƙasa, ya ɗura siminti a bayansa, ya toshe ko'ina ruf. A wannan lokacin ko ɗigon mai ba zai shigo ba. Da gangan ake yin haka, don kada ramin ya rufta, don kuma mai da ruwa da iskar gas kowanne ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Sai an gama wannan ne ake saukar da nakiya cikin rijiyar, a tashe ta daidai saitin dutsen mai, ta fasa ƙarfe da siminti ta buɗe wa man hanya. Wannan aikin shi ake kira huda rijiya. Tashin nakiyar bai kai ƙiftawar ido ba, amma a kansa arzikin rijiyar ya rataya, haka ma rayukan mutanen da ke tsaye a bakinta.

Wanda ya taɓa tsayawa kan masu ginin rijiyar siminti a ƙauye ya san dabarar. Zobban sama a toshe suke, don ƙasa kada ta zubo, ruwan ƙazanta kada ya shigo. Na can ƙasa, waɗanda suka shiga idon ruwa, su ake yi wa huji. Bambancin kawai shi ne a rijiyar mai sai an gama ginin ake yin hujin, a zurfin da ya kai kilomita uku ko biyar, inda ba hannun da zai kai.

Mutumin Guéné, a ƙaramar hukumar Malanville da ke arewacin Jamhuriyar Benin, yana iya cewa ina ruwansa da wannan, shi da ke da nisan kusan kilomita 700 daga teku, harkarsa kasuwar shanu da noman albasa da shinkafa. To, tun 2024 ɗanyen man Nijar yake ratsa yankin Malanville ta ƙarƙashin ƙasa yana gangarawa Seme da ke bakin teku, kuma kowace ganga daga cikinsa ta irin waɗannan ƙananan huji ta fito. A Semen ma Benin tana da nata rijiyoyin a cikin teku, gabas da ita kuma manyan filayen man Najeriya ne masu zurfin ruwa. Harkar ta riga ta zo ƙofar gida, ya kamata mu san tarihinta da abin da aka biya kafin a iya ta.

Zamanin keken doki

A watan Agustan 1859 Edwin Drake ya samu mai a Titusville, jihar Pennsylvania ta Amurka, a zurfin mita 21 kacal. Rijiyoyin wancan lokacin ƙasansu a buɗe yake, man yana tsatsowa kai tsaye daga dutse. Matsalarsu saurin ƙafewa. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin basasar Amurka, Kanar Edward Roberts, shi ya zo da dabarar cika gwangwani da albarushi a saukar da shi ƙasan rijiya, a bar ruwa a samansa don ƙarfin fashewar ya danna cikin dutse maimakon ya tsere sama. A 1865 ya gwada, ya kuma yi wa dabarar rajista da sunansa. Rijiyoyin da aka fid da rai da su suka farfaɗo.

Ba a jima ba aka bar albarushi aka koma naitirogilisirin, wani ruwa mai maiƙo wanda girgiza ko zafi ke iya tayar da shi. A keken doki ake ɗaukarsa, a kan hanyoyi masu gargada, mutum ya tsiyaya shi da hannunsa cikin dogayen gwangwanaye a bakin rijiya. Kuɗin Roberts ya yi tsada, dala 100 zuwa 200 kowane harbi, ban da kason da yake karɓa daga ƙarin man da aka samu. Saboda haka wasu suka riƙa haɗa nasu a ɓoye suna aiki da daddare. Mutane da yawa sun hallaka a wannan sana'a, wani lokaci ma ba a samun abin da za a binne. Ba doka, ba mai dubawa. Mutum da taka-tsantsan ɗinsa ne kawai, sai tsawon kwana.

Harsashi ya shigo

Da rijiyoyi suka ƙara zurfi a farkon ƙarni na 20, ya zama dole a yi musu bututu da siminti. Erle Halliburton ya kafa kamfaninsa na ɗura siminti a 1919, sana'ar kuma ta bazu. Sai dai an magance wata matsala an haifi wata: ta ina man zai shigo? An gwada wuƙaƙen ƙarfe da ake saukarwa su tsaga bututun, amma ba sa iya ratsa siminti su isa dutse yadda ake so.

Wasu mutum biyu a Los Angeles, Bill Lane da Walt Wells, su suka ƙera bindigar huda rijiya: sandar ƙarfe mai kauri da aka jera wa bakuna a gefe, kowanne da albarushi da harsashinsa, a saukar da ita da waya, a harba daga sama da lantarki. A Disamban 1932 suka gwada ta a wata tsohuwar rijiyar kamfanin Union Oil mai suna La Merced 17, suka harba harsashi 87 a zurfin kimanin mita 800. Rijiyar da aka ɗauka ta mutu ta dawo tana ba da mai. A riƙe sunan Union Oil, za mu sake haɗuwa da shi a gaɓar tekun Benin.

Nan da nan aka gane cewa harbi kaɗai bai isa ba, sai an san inda ake harbi. Kuskuren mita biyu ko uku zuwa sama zai iya buɗe gas, zuwa ƙasa kuma ruwan gishiri, rijiya ta lalace tun ba ta fara aiki ba. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Conrad da Marcel Schlumberger, sun fara auna duwatsun cikin rijiya da lantarki tun 1927 a Pechelbronn. Daga baya aka samu na'urar da ke karanta hasken gama da dutse ke fitarwa ko ta bayan bututu, da wata da ke ƙidaya gaɓoɓin bututun ɗaya bayan ɗaya. Da waɗannan biyun ake daidaita bindiga har yau.

Dabarar fagen yaƙi

Harsashi yana da iyaka, musamman a dutse mai tauri. Abin da ya maye gurbinsa daga fagen yaƙi ya fito. Tun 1888 wani masanin Amurka, Charles Munroe, ya lura cewa nakiyar da aka yi wa rami a fuska takan tattara ƙarfinta wuri guda. Injiniya ɗan Suwizalan, Henry Mohaupt, ya kai dabarar Amurka a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi makaman fasa tankokin yaƙi da ita. Bayan yaƙin ya shiga harkar mai a Fort Worth ta jihar Texas, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1940 an fara huda rijiyoyi da wannan nakiya.

Ga yadda take. Ɗan kwanon ƙarfe ne mai faɗin santimita kaɗan, an danna masa nakiya ta 'yan giram, an rufe fuskarta da mazurarin tagulla. Idan ta tashi, mazurarin yakan matse ya zama siririn tsinke mai gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfe da siminti ba sa iya tsaya masa. Yakan bar huji mai faɗin kimanin santimita ɗaya, tsawonsa cikin dutse daga 'yan santimita har sama da mita ɗaya. Ana jera irin waɗannan kwanoni cikin bututun bindiga, suna kewayawa ta kowace fuska, daga goma sha wani abu zuwa kusan 40 a kowace mita, igiyar nakiya guda tana ratsa bayansu duka ta tashe su a jere.

A shekarun 1950 aka ƙera siraran bindigogi da ke bi ta cikin ƙaramin bututun da man ke hawowa, a yi huji ba tare da an kwance kan rijiya ba. A 1970 kuma Roy Vann ya fito da dabarar ɗaura bindigogi a ƙarshen bututu maimakon waya, a sauke su tare, a harba ta hanyar sakin sandar ƙarfe ko ƙara matsin ruwa. Wannan ya ba da damar huda ɗaruruwan mitoci a harbi ɗaya. Ya kuma sauƙaƙa wata dabarar: a rage matsin cikin rijiya ya gaza na dutse, don da zarar an huda, man ya yunƙuro ya wanke hujin daga garin dutsen da ya toshe shi.

Da yake kowane kamfani yana yabon nakiyarsa, Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ta fitar da tsarin gwaji na bai ɗaya a 1962 mai lamba RP 43, wanda RP 19B ya gada a 2000. Ana harba nakiyar cikin kankare ko dutsen yashi da aka san taurinsa, a fasa, a auna zurfin hujin da faɗinsa. Daga nan mai saye ya samu ma'aunin da zai riƙe mai sayarwa da shi.

Ƙa'idar bakin rijiya

Mafi yawan waɗanda wannan sana'a ta kashe a ƙarni na 20 a doron ƙasa suka mutu, lokacin da bindiga ta tashi a bakin rijiya kafin a saukar da ita, ko bayan an fito da ita. Laifin yakan koma kan makunnin nakiya, wani ɗan ƙaramin abu da lantarki kaɗan ke tayarwa. Lantarkin da ke yawo a jikin injuna, ko na walda, ko igiyar rediyo mai ƙarfi, ko tsawa, duk suna iya kunna shi. Kowace ƙa'ida da ake bi yau an rubuta ta ne bayan an ga abin da rashinta ya jawo, kuma a 1994 API ta tattara su cikin kundi mai lamba RP 67.

Wanda ya ga ana shirin ɗaura makunni zai san aikin ba na garaje ba ne. Za a yi shela a lasifika, a kashe rediyo da wayoyin hannu, masu walda su ajiye kayansu. A haɗa na'urori da bakin rijiya da waya, a auna a tabbatar ba lantarkin da ke yawo. Idan hadari ya taso ana walƙiya, a dakata. Injiniyan zai zare mabuɗin na'urar harbi ya sa a aljihunsa, sannan ya fito. Duk wanda ba shi da aiki a wurin a sallame shi. Makunnin yana cikin wani bututun kariya mai kauri ake fara haɗa masa waya, sai bayan nan a fito da shi a manna shi da igiyar nakiya. Hikimar ita ce idan akwai ɓoyayyen lantarki, makunnin ya tashi shi kaɗai cikin bututunsa. Mabuɗi kuwa ba ya komawa mazauninsa sai bindiga ta yi nisan mita 60 ƙarƙashin ƙasa, ko ƙarƙashin ƙasan teku.

Haka ake maimaitawa wajen fitowa, domin ba a ɗaukar bindiga a matsayin wadda ta tashi sai an gani da ido. Wadda ta ƙi tashi ta fi kowacce haɗari: ta sha zafi, ta sha matsi, wataƙila gas ya taru a cikinta. Ita kanta nakiyar tana da iyakar zafin da take jurewa. Nau'in da ake kira RDX yakan jure kimanin digiri 160 na awa ɗaya, HMX kimanin 200, HNS kimanin 260, kuma iyakar tana raguwa gwargwadon daɗewar bindiga a ƙasa. A shekarun 1990 aka fara amfani da makunnai da ba sa tashi sai an aika musu lantarki mai ƙarfin gaske cikin ƙiftawa, irin wanda rediyo ko walda ba za su iya samarwa ba. Aka kuma yi waɗanda ke mutuwa da kansu idan ruwa ya shiga bindiga, domin bindigar da ruwa ya cika idan ta tashi takan kumbura ta maƙale a rijiya.

Da aka shiga ruwa mai zurfi

A 1947 kamfanin Kerr-McGee ya haƙa rijiya a Tekun Meziko inda ba a hango gaɓa, a ruwan da bai wuce mita 6 ba. A 1978 Shell ya kafa dandamalin Cognac a ruwa mai zurfin mita 312. A 1985 Petrobras na Barazil ya gano filin Marlim a ruwa mai zurfin ɗaruruwan mitoci. Najeriya, wadda ta fara samun mai a Oloibiri a 1956, ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyin haƙa a ruwa mai zurfi a 1993. Filin Abo ya fara ba da mai a 2003. Bonga, mai nisan kilomita 120 daga gaɓa a ruwan da ya haura mita 1,000, ya biyo baya a Nuwamban 2005, sai Erha a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Egina kuma a ƙarshen 2018.

A irin wannan zurfin komai ya canza. Jirgin haƙa yana shawagi ne, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa, dogon bututu ya haɗa shi da bakin rijiya da ke can ƙasan teku. Madatsar rijiya, wato ƙatuwar na'urar da ke datse bututu ta rufe rijiya idan ta yi bore, ita ma tana can ƙasa inda sai mutum-mutumi mai kyamara ke zuwa. Wuƙaƙenta an yi su ne don yanke bututun haƙa, ba a dogara da su kan bindigar huji. Saboda haka lokacin da jerin bindigogi ke ratsa ta, lokaci ne da rijiya ba ta da cikakkiyar kariya, dole a tabbatar ta kwanta lafiya kafin nan.

Sannan dutsen mai na yawancin waɗannan filaye, har da na gaɓar Najeriya, yashi ne da bai gama daskarewa ba. Idan aka bar shi zai biyo man ya cinye bututu. Don haka akan zaɓi nakiya mai buɗa faffaɗan huji da yawa, a bi baya da rariyar ƙarfe da tsakuwa su tace yashin. Yawan nakiya kuwa yana nufin girgiza mai tsanani. A rijiyoyi masu matsi sosai an ga harbi ya lanƙwasa bututu, ya tumɓuke matoshi, ya tsinke bindiga ta faɗa ƙasa. Shi ya sa yanzu ake lissafa girgizar a kwamfuta kafin a harba, a sa na'urorin rage jijjiga, a kuma saukar da ma'aunai masu saurin gaske su rubuta abin da ya faru don a gyara lissafin gaba. Ga kuma sanyi: ƙasan teku bai fi digiri 4 ba, inda gas da ruwa ke haɗuwa su daskare su toshe bututu.

A bayan duk waɗannan akwai kuɗi. A wasu shekarun hayar jirgin haƙa kaɗai ta haura dala 500,000 a rana. Bindigar da ta ƙi tashi tana nufin kwanaki na fitarwa da mayarwa. Wannan ne ya sa aka dage wajen inganta kayan aiki, har ake sa na'urar tayar da bindiga guda biyu don idan ɗaya ya ƙi ɗayan ya yi. Amma wannan kuɗin dai shi ne ke sa a yi gaggawa, a ga alamar haɗari a ce ba komai.

Abin da aka gani da ido

Ranar 20 ga Afrilun 2010 rijiyar Macondo ta kamfanin BP ta yi bore a Tekun Meziko, a ruwa mai zurfin mita 1,500. Jirgin Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Ba a kai ga huda rijiyar ba ma. Simintin ƙasanta ne bai riƙe ba, gwajin matsi ya nuna alama aka yi masa gurguwar fassara, madatsar rijiya kuma ta kasa rufewa. Darasin ya shafi masu huji kai tsaye, domin simintin da bai kama ba yana mayar da kowane huji hanyar da gas zai bi ta bayan bututu. Bayan wannan ne Amurka ta kafa hukumar BSEE a 2011 don sa ido kan tsaron aiki a teku.

Ranar 23 ga Yulin 2013 kuma, a ruwa marar zurfi kusa da Louisiana, dandamalin Hercules 265 ya gama huda wata rijiyar gas, ana fitar da bututu, sai gas ya taso. Mutum 44 suka tsere da rayukansu, daga baya wuta ta kama. Binciken hukuma ya nuna cewa ruwan gishirin da aka cika rijiyar da shi don danne gas bai kai nauyin da ake buƙata ba, saboda ba a lissafa yadda zafin ƙasa ke rage masa nauyi yadda ya kamata ba, kuma ba a farga da alamun farko da wuri ba. Nakiya ta yi aikinta daidai. Abin da ya biyo bayanta ne aka yi sakaci da shi, alhali daga lokacin da aka huda, rijiya ta zama mai rai.

Mu ma a nan ba mu tsira ba. A Disamban 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala a Bonga lokacin da ake loda wa jirgin dakon mai. Ranar 16 ga Janairun 2012 dandamalin KS Endeavor da ke yi wa Chevron haƙa a filin Funiwa, kusa da gaɓar Bayelsa, ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu, wutar ta yi sama da wata guda tana ci. Masunta da ƙauyukan gaɓa su suka kwashi wahalar.

Seme, Agadem da Malanville

Kamfanin Union Oil ɗin nan da aka fara harba harsashi a rijiyarsa, shi ya gano man Seme a tekun Benin a ƙarshen shekarun 1960. Saga Petroleum na ƙasar Norway ya fara fitar da shi a 1982, aka ɗebi kimanin ganga miliyan 22 kafin a dakata a 1998, lokacin da farashi ya faɗi kuma abin da rijiyoyin ke bayarwa ya ragu. Daga baya SAPETRO, kamfanin Janar T. Y. Danjuma, wanda ke da kaso a Akpo da Egina, ya karɓi filin ya gwada sa'arsa. A Disamban 2023 gwamnatin Benin ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da Akrake Petroleum don farfaɗo da shi. Ruwan Seme ba shi da zurfi, 'yan gomomin mitoci ne. A can cikin ruwa mai zurfi kuwa Kerr-McGee ya yi haƙar gwaji a farkon shekarun 2000, Petrobras ma ya shigo a 2011, amma ba a kai ga fara fitar da mai daga nan ba.

Ta arewa kuma, Nijar ta ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin filin Agadem a 2008, aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a Nuwamban 2011 mai tace ganga 20,000 a rana. A 2019 aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, wanda zai ɗauki ganga 90,000 a rana. Ya bi ta Gaya ta Nijar ya tsallaka kogin Kwara ya shigo ta Malanville, ya nufi Kandi da Parakou har teku. An ƙaddamar da shi a Nuwamban 2023, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024.

Sai dai ya fara aiki ne cikin rikici. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi cirko-cirko, jama'a suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. A 2024 gwamnatocin Nijar da Benin suka yi ta sa-in-sa kan lodin mai, a watan Yuni kuma 'yan tawaye suka fasa bututun a cikin Nijar. Duk mai bin tarihin da muka kawo zai ga abin damuwa a nan. Bututu ɗaya ne, ƙasashe biyu. Idan ya tsiyaya kusa da kogi, ruwan da Gaya ke sha shi Malanville ke sha, shi ke shayar da fadamun shinkafa da garkunan da ake kaiwa kasuwar Guéné. Ko da siyasa ta raba shugabanni, bai kamata ta yanke magana tsakanin injiniyoyin da ke lura da matsin bututun ba.

Mutanen wannan yanki sun san halin mai. A Satumban 2023 wani rumbun fetur ɗin sumoga, wanda ake kira kpayo, ya kama da wuta a Seme-Krake, sama da mutum 30 suka ƙone. A Oktoban 1998 ɗaruruwan mutane sun hallaka a Jesse ta jihar Delta suna ɗibar fetur daga fasasshen bututu. Wanda ya ga mai yana tsatsowa a gona ko a hanyar kiwo, ya nisanta, ya kore dabbobi da yara, kada ya kunna ko ashana, ya sanar da mai gari da hukuma. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya rage mana

Cikin shekara 160, an taso daga mutumin da ke tsiyaya naitirogilisirin da hannu zuwa nakiyar da ba ta tashi sai an aika mata umarninta na musamman. Kayan aiki sun inganta ƙwarai. Amma Macondo da Hercules 265 sun nuna cewa abin da ke kashe mutane yanzu shi ne lissafin da ba a sake dubawa ba, da gwajin da aka yi wa uzuri, da ma'aikacin da ya ga alama ya ji tsoron cewa a tsaya. Ƙasashen da suka rage haɗari sun yi haka ne da hukuma mai ƙwararrun kanta, mai ikon dakatar da aiki, mai buga rahoton kowane haɗari kowa ya karanta.

Najeriya tana da hukumar NOSDRA tun 2006 don malalar mai, da hukumar NUPRC da dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Nijar tana da kamfanin mai na ƙasa, SONIDEP, Benin ma tana da nata. Abin nema shi ne a cika su da 'ya'yanmu da za su iya karanta awon siminti, su duba lissafin nauyin ruwan rijiya, su ce wa kamfani, komai girmansa, ba za a harba ba sai an gyara. Makarantun suna nan: EMIG a Yamai, Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur a Effurun, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi. Iyaye su tura yara fannin lissafi da kimiyya, gwamnatoci su biya musu karatun, 'yan majalisa su sa a doka cewa duk haɗarin da ya auku a rijiya ko bututu sai an bayyana wa jama'a sanadinsa, cikin harshen da suke ji. A yi wannan tun kafin mu sake rasa rai.